Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin makarantun horar da malamai na arewacin Kamaru: a koya mana kafin a jarraba mu

Zuwa ga shugabannin makarantun horar da malamai, da wakilan ma'aikatun ilimi a yankunan Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, iyayenmu kuma malamanmu, bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, muna fatan kuna lafiya tare da iyalanku, Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a ɗaya daga cikin makarantun horar da malaman firamare na arewacin ƙasar nan, haifaffiyar Garwa, kuma na rubuto ne da yawun 'yan ajinmu maza da mata, da wasu abokan karatu na wasu garuruwa waɗanda muka tattauna da su muka tarar ciwonmu ɗaya ne. Mu ne waɗanda, in Allah ya yarda, za mu karɓi takardar CAPIEMP, wato shaidar koyarwa a firamare, mu tsaya a gaban yara a Mora da Mokolo da Yagwa da Kusiri da Poli da Tibati, da ƙauyukan da ke bayansu waɗanda mota ba ta shiga da damina.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne sanarwar da aka yi mana a farkon zangon nan, cewa daga yanzu kowane ɗalibi zai riƙa aika tsarin darasinsa da rahoton gwajin koyarwa ta intanet, sannan dole ne ya gabatar da darasi guda a gaban mai dubawa da kayan fasahar zamani, a ba shi maki a kai. Muna so mu faɗa tun daga farko cewa ba mu ƙi wannan manufa ba. Tsarin karatun firamare da aka fito da shi a 2018 ya tanadi koya wa yara ilimin na'ura, saboda haka wanda zai koyar da shi dole ya iya shi. Ba mu kuma manta da abin da ya faru a 2020 ba, lokacin da aka rufe makarantu ranar 18 ga Maris saboda annobar korona, gidan talabijin na CRTV ya shiga watsa darussa, 'yan azuzuwan jarrabawa kuma ba su koma ba sai 1 ga Yuni. Da yawa daga cikinmu muna sakandare a lokacin. Wanda gidansu ke da talabijin da wuta ya ɗan tsinci wani abu, na ƙauye kuwa ya zauna watanni bai ji muryar malami ba, alhali a unguwarsu akwai wayoyi, abin da aka rasa shi ne malamin da ya san yadda zai kai darasi ta cikinsu. Mu muna so mu zama irin wannan malamin. Kukanmu shi ne an sa ranar jarraba mu a kan abin da har yanzu ba a koya mana ba.

Damuwarmu ta farko ita ce darasin kwamfuta da ake yi mana a kan allo da alli. Malami zai zana madannai, ya jera sunayen sassan na'ura, mu kwafe a littafi mu haddace, ranar jarrabawa mu mayar masa da abin da ya ba mu, mu ci maki mai kyau. A ajinmu akwai wanda zai kawo muku ma'anar intanet da Faransanci ba tuntuɓe, amma bai taɓa buɗe akwatin imel ba, bai san yadda ake maƙala takarda a saƙo ba, bai kuma san bambancin ajiye fayil a waya da ajiye shi a intanet ba. Ɗakin kwamfuta yana nan, ba mu ce babu ba. Sai dai galibin lokaci a kulle yake, mabuɗin yana hannun mutum ɗaya, in ya yi tafiya shi ke nan sai ya dawo. Ranar da aka buɗe kuma za a tarar ƙurar hunturu ta kashe wasu na'urorin, 'yan kaɗan da suka rage mu yi cincirindo a kansu, ɗaya yana dannawa, sauran suna leƙe ta kafaɗarsa, kafin layi ya zo kan na baya an kaɗa ƙararrawa. Babu telan da ke yaye yaronsa bai sa shi ya taka keke ba, amma mu ana shirin yaye mu hannunmu bai saba da abin aikin ba. Ba malamanmu muke zargi ba, domin da yawansu sun yi nasu horon ne kafin waɗannan kayan su shigo, kuma ba a sake kiran su an nuna musu ba. Akwai cikinsu mai kiran ɗalibi gefe ya ce ya taya shi tura saƙo, kuma muna ganin girmansa a kan haka.

Na biyu, wutar lantarki. Kun fi mu sanin cewa layin wutar arewa ya daɗe a ware da na kudu, kuma ƙashin bayansa shi ne madatsar ruwan Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. Duk shekarar da ruwa ya ja baya a madatsar, sai a shiga rabon wuta unguwa unguwa, kuma abin ya fi tsanani a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa. Tashoshin hasken rana da aka ƙaddamar a Marwa da Gider a 2023 sun rage raɗaɗin, amma ba su kai wuta ƙauyen da babu turke ko ɗaya ba. Idan aka ce a aika aiki kafin ƙarfe goma sha biyun dare, ɗalibin da unguwarsu ta kwana biyu a duhu ya faɗi tun bai fara ba, ko da kuwa ya gama rubuta aikinsa a takarda tun da rana.

Na uku, kuɗi, kuma a nan muke roƙon ku tsaya ku duba da idon rahama. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne da makiyaya da 'yan tireda, kuɗin makaranta ma da ƙyar ake haɗa shi. Ɗalibi yakan tashi da safe da 'yan sefa kaɗan a aljihu, ya zaɓa tsakanin karin kumallo da kuɗin babur da sayen data, kuma bidiyo ɗaya na darasi yana iya cinye abin da ya saya don mako guda. Wasu suna jira sai tsakar dare, lokacin da data ta fi araha kuma rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi, sannan su sauke abin da suke bukata, su shigo aji da safe ido jajur. Mu mata namu ya fi nauyi. Namiji zai iya zuwa shagon caji ko shagon intanet bayan isha ya zauna har ya gama, amma budurwa ko matar aure ba ta da wannan damar. Akwai 'yar ajinmu da ba ta da babbar waya sai ta maigidanta, shi kuwa direba ne, wayar tana gida ne kawai in yana gida. Tana cikin masu ƙoƙarin ajinmu, kuma duk wanda ya ga yadda take riƙe yara zai yi wa ɗansa fatan samun irinta, amma a wannan sabon tsari ita ce za ta zo ƙarshe. Makin da za a bayar a haka aljihun iyaye da mazaje zai auna.

Damuwa ta huɗu ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Ɗan abin da ake nuna mana an tsara shi ne don ajin da ke da wuta da majigi da intanet mai gudu da yara talatin a kan kujeru, mu kuwa ba irin wannan ajin ke jiran mu ba. Lokacin gwajin koyarwa, wanda muke kira sitaj, an tura ni wata makaranta a bayan gari inda yaran aji ɗaya suka haura ɗari, na gaba a kan benci, na baya a kan tabarma. Darasin shi ne yadda ruwa ke tashi daga kogi ya zama gajimare ya dawo ƙasa, kuma na sauke ɗan gajeren bidiyo tun daga gari. Fuskar waya ba ta wuce layi na biyu, saboda haka na raba yaran rukuni rukuni, wayar tana zagayawa, waɗanda ba su kai ga gani ba suna zana kogi da rana a allunansu, waɗanda suka gani kuma suna zuwa su ba su labari da Fulatanci kafin mu mayar da shi Faransanci tare. Abin da ya fi aiki ma ba bidiyon ba ne. Da izinin shugaban makarantar, na ari ƙaramar lasifika daga mai shayin bakin hanya, na riƙa naɗar muryar yaro yana karanta jimla, sannan in kunna masa ya ji kansa. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta saurari karatunta, ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya, ta ce a sake, ta tsallake kalma ɗaya. Ita ta gano kuskurenta, ba ni na nuna mata ba.

Wannan dabara ba a aji na koye ta ba, kuma takardar da mai dubawa ke cikewa ba ta da gurbin da za a rubuta ta, domin abin da take tambaya shi ne ko an haska hotuna da majigi. Alhali akwai kayan aikin da aka ƙera musamman don wurare irin namu, kuma kyauta ne. Kiwix yana ba mutum damar sauke Wikipedia, ta Faransanci ko ta Hausa, ya ajiye a waya ko a katin memori ya riƙa karantawa ba tare da intanet ba. Kolibri kuwa ana sa shi a kwamfuta ɗaya, a loda mata darussa da atisaye sau ɗaya a gari, sannan ta riƙa raba su ga wayoyin da ke kusa da ita ta wifi na cikin gida, malami kuma yana ganin inda kowane ɗalibi ya tsaya. Manhajar Moodle ta waya tana barin ɗalibi ya sauke darasi ya yi aikinsa, ya aika daga baya in ya sami rezo. Ko Xender da matasa ke tura wa juna waƙoƙi da shi yana iya raba littafi ga aji guda cikin 'yan mintoci ba a kashe ko dala ba. Sai kuma saƙon murya na WhatsApp, wanda bai kai bidiyo cin data ba ko kusa, kuma uwar da ba ta karanta Faransanci za ta iya saurara ta san abin da aka ba ɗanta. Duk waɗannan a bakin juna muka ji su, wani ya gwada ya nuna wa wani a ƙarƙashin bishiya, babu wanda ya shigo da su cikin darasi.

Kada a ɗauka wannan ƙawa ce. Tun daga 2014 rikicin Boko Haram ya rufe makarantu da dama a gundumomin Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari, kuma ambaliyar 2024 ta shanye azuzuwa a Yagwa da kewayenta daidai lokacin komawa makaranta. A yankinmu rufe makaranta ba baƙon abu ba ne, kuma malamin da ya iya naɗar darasi na minti biyar ya tura wa iyaye, ko ya zuba shi a katin memori a kai sansanin da mutane suka koma, shi ne zai hana yara mantawa da karatu kafin ruwa ya janye. Ga shi kuma da yawa daga cikin waɗanda suka riga mu fita suna shekaru suna koyarwa a matsayin malaman da iyayen yara ke biya, kafin gwamnati ta ɗauke su. Mai irin wannan albashi ba zai sayi kwamfuta ba, wayar da ke hannunsa ita ce jarinsa, kuma ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Mun ga abin da ya biyo bayan kyautar kwamfutoci 500,000 da aka sanar a 2016 don ɗaliban jami'o'i, domin yayyenmu sun karɓa: wanda ya sami mai nuna masa ya amfana, wanda bai samu ba ya mayar da ita ta kallon fim ko ya sayar. Shi ya sa ba rabon na'ura muke roƙo ba.

Na biyar, abin da ke cikin intanet ɗin kansa. Mafi yawan darussan firamare na Faransanci da ake samu an yi su ne don yaran Faransa, da lissafin yuro da dusar ƙanƙara da lokutan shekara irin nasu, yaron Mora kuwa damina da kaka da hunturu da bazara ya sani, kuma da sefa ake aiken sa kasuwa. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta tsarin darasi cikin ƙiftawar ido, kuma ba za mu ɓoye muku ba, ɗalibai suna amfani da su. Na ga tsarin darasin lissafi da aka kawo aji, inda ake tambayar yaran ƙauye kuɗin tikitin jirgin ƙasa da yuro, mai darasin kuma bai lura ba sai da yara suka yi tsuru tsuru. Hana amfani da su ba zai yiwu ba, abin da ya kamata shi ne a koya mana yadda ake tantance abin da suka bayar, a gwada shi da littafin da hukuma ta amince da shi, a gyara misalai su dace da yaran da ke gabanmu. Dokar ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 ta ambaci bunƙasa harsunan ƙasa, amma yaron Mokolo da ke magana da Mafa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a aji, da wuya ya sami darasi ko ɗaya a intanet da harshen da yake tunani da shi. Haka yaron Kusiri mai Kotoko ko Larabcin Shuwa, haka na Yagwa mai Masa. In ba malaman yankin ne suka naɗi irin waɗannan darussa ba, babu mai zuwa daga wani wuri ya yi mana.

Na ƙarshe shi ne amanar yara. Ɗalibai da yawa suna dawowa daga sitaj suna ɗora hotunan yara a Facebook da TikTok, wani har da sunaye da makin jarrabawa, ba da mugun nufi ba, sai don babu wanda ya taɓa ce musu laifi ne. Ƙasar nan tana da dokar tsaron intanet ta 21 ga Disamba 2010, da dokar kare yara a intanet ta 25 ga Yuli 2023, amma ko sau ɗaya ba a karanta mana su a aji ba. A garuruwanmu hoton yarinya guda da ya fita ba da sanin mahaifinta ba ya isa a cire ta daga makaranta, wataƙila har da ƙannenta.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo. A dakatar da ba da maki a kan darasin fasahar zamani har sai an yi mana horo na zahiri na zango ɗaya aƙalla, kuma kafin nan a karɓi aiki ta intanet ko a katin memori ko a takarda, ba tare da an rage wa kowa maki ba. Horon kuma a gina shi a kan wayar hannu da aji mai cunkoso marar wuta: yadda ake sauke abu a adana, yadda ake rage nauyin fayil, yadda ake naɗar murya mai fita sarai, yadda ake juya waya ɗaya a tsakanin yara ɗari ba a rasa tsarin aji ba. A gyara takardar mai dubawa ta yadda za ta tambayi abin da yara suka fahimta, ko da majigi aka yi darasin ko da lasifikar mai shayi.

Muna roƙon a buɗe ɗakin kwamfuta a kan jadawali sananne da za a manna a ƙofa, a ba mutum fiye da ɗaya mabuɗi, a ware sa'o'in rana ga mata, a kuma sa farantin sola da batir da zai riƙe ko da na'ura biyar ne da wurin cajin waya. A ware kwamfuta ɗaya a kowace makaranta a loda mata Kolibri da Kiwix da littattafan da hukuma ta amince da su, domin ɗalibi ya cika wayarsa kafin ya tafi ƙauye. Wannan bai kai kuɗin bikin yaye ɗalibai na shekara guda ba. Ku da kuke da bakin magana da hukumomin Yawunde, babban birnin ƙasa, muna roƙon ku kai buƙatar a zauna da kamfanonin waya a cire kuɗin data a kan shafukan karatu na hukuma, kuma a fara kiran malamanmu horo kafin mu, domin su ne za su ci gaba da zama bayan mun tafi.

Muna kuma neman a buɗe rumbun darussan murya na yankin, inda kowane ɗalibin shekarar ƙarshe zai bar darasi ɗaya da ya naɗa da Faransanci tare da bayani da harshensu na gida, malami ya duba ya amince kafin a ajiye. A haɗa da zama na musamman a kan dokokin kare yara, da takardar neman izinin iyaye wadda za a fassara zuwa Fulatanci da Hausa da sauran harsunan da ake ji a kowane gari. A namu ɓangaren, waɗanda suka ɗan iya a cikinmu sun yarda su riƙa koya wa 'yan uwansu da yamma ba tare da an biya su ba, su kuma ɗauki nauyin share ɗakin da rufe na'urori daga ƙura, in dai an ba mu izini da wuri.

Sitaj na gaba yana ƙaratowa, kuma da sabon tsarin za a auna mu a cikinsa. Muna roƙon ku kira wakilan ɗalibai, maza da mata, ku zauna da su kafin a fitar da jerin makarantun da za a tura mu, kuma a ba mu amsa a rubuce a manna a allon sanarwa, domin wanda ba shi da data ma ya gani.

Allah ya ƙara girma, ya sa ku gama lafiya. Wassalamu alaikum.

'Yarku kuma ɗalibarku,
a madadin ɗalibai masu shirin zama malamai.